Ranar da Yaya Ta Shiga Ƙarƙashin Mota

Yayata tela ce, kuma ƙafarta ta hagu ba ta aiki. Shan inna ne ya kama ta tun kafin a haife ni, ya bar mata ƙafar siririya, sai ta dogara sanda ko ta dafa gwiwa kafin ta taka. Na fara da wannan ne don a gane zancen motar da zan yi, ba don a tausaya mata ba. Duk wanda ya taɓa tausaya wa Yaya a gabanta ya san abin da ya kwasa.

Ni ne autan gidanmu, ita ce ta biyu. A bayanta na girma, kuma ban taɓa jin an ce ta kayar da ni ba. Amma in ka ji yadda mutanen gida ke maganarta a lokacin, sai ka ɗauka da an taɓa ta za ta fashe. "Ku lallaɓa ta." "Bar ta ta zauna, a dai lallaɓa." An lallaɓa ta har aka cire ta daga makaranta saboda nisa. An lallaɓa ta aka hana ta zuwa kasuwa. Da ta ce za ta koyi ɗinki, aka ce ai keken ɗinki da ƙafa ake taka shi, ta ce ba da ƙafa goma ba dai. Ta koya da ta dama, ta buɗe shago, har ta kai makarantu na ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, ofisoshi na ba ta labule. Kalmar nan kuwa ta tsane ta har gobe. In mai kawo ɗinki ya ce, "Yadin ya tsufa, a ɗan lallaɓa," sai ta miƙa masa kayansa ta nuna masa shagon gaba.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mata rai, shi ne fita. Kai ɗinki, sayen yadi, awon tagogi a ofis, duk sai ta tsaya bakin titi tana jiran abin hawa, a ciccibe ta a saka, a ciccibe ta a sauke. Ko kuma ta jira Shugaba ya aiko mata direbansa. Shugaba babban wanmu ne. Mun laƙaba masa sunan ne saboda ko gishiri ne ya ƙare a gidan ɗayanmu sai ya kira zama. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauke masa wannan ba, amma kirkinsa nauyi gare shi. In ya taimake ka sai ka yini kana jin kamar an ɗora maka buhu.

Wata rana wata mai kawo mata ɗinki ta rage mata hanya, sai Yaya ta lura matar ba ta motsa ƙafar hagu ba har suka isa. Ta tambaya. Matar ta ce ai motar atomatik ce, ita ke canja wa kanta giya, babu kuloci, birki da totur ne kawai, kuma duk ƙafar dama ke taka su. Yaya ta ce ranar ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa daidai ba. Shekara ba ta zagayo ba sai da ta sayi tata, tsohuwa tun a lokacin, ruwan toka, ƙofar baya ɗaya ba ta buɗuwa sai ta ciki. Ni na koya mata a wani fili, kuma sau biyu ina fita daga motar ina rantsuwa ba zan dawo ba. Mijinta, wanda muke kira Malam saboda a firamare yake koyarwa, bai iya tuƙi ba, bai ma taɓa sha'awa ba. Gefenta yake zama, 'yan unguwa suna yi masa dariya, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar wani babban baƙo.

Motar nan ta sha hanya. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya tun shekarun baya, don haka ba wanda ya san iyakar nisan da ta yi. Yaya ba ta wasa da juyen baƙin mai, ba ta wasa da ruwan lagireto da iskar taya. Amma man giya, ba wanda ya taɓa ce mata akwai shi, balle a ce ana canja shi.

Sai tsufa ya fara nuna kansa. Da safe in ta saka giya, motar sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can kuma ta zabura har sandar Yaya ta faɗo daga kujera. A hawa injin ya yi ta kuka, gudu kuwa babu. Ribas ma sai an jira shi. Na raka ta garejin wani bakanike da aka sani da aikin giyar atomatik, wanda ita ke ɗinka wa iyalinsa kaya. Dattijo ne kamili, ba abin da ya ƙi jini kamar a ce masa Mai Giya, don ya ce wanda bai sani ba sai ya ɗauka mashaya gare shi. Yaya kuwa ba ta da wani sunan da take kiransa da shi.

"Mai Giya, ina kwana? Yau tsohuwata na kawo maka."

"Baiwar Allah, na ce ki riƙa cewa bakanike."

"To, bakanike mai giya."

Ya bar injin yana aiki, ya buɗe gaban motar, ya zaro wata doguwar sandar awo daga can ciki ya goge a farin tsumma. Ya ce man nan in lafiyayye ne ja yake, garai-garai. Na kan tsumman baƙi ne ƙirin. Ya shinshina ya miƙo mini, na ji ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce Yaya ta taɓa. Ta ce tana jin ɓarɓashi kamar yashi.

"Wannan yashin," in ji shi, "fayafayan cikin giyar ne suka cinye suka zube a cikin man. Su yanzu sun yi sumul. Dattin nan da kike ji shi ke sa su kama juna. In na zubar na zuba sabo mai santsi, wataƙila ta warware ta ƙara miki shekaru. Wataƙila kuma ki saka giya ta ƙi motsi daga nan inda take."

"In an bar shi fa?"

"Za ta yi ta lalacewa a hankali. Bana ko baɗi, wata rana ta tsaya."

"Wato ko an taɓa ko ba a taɓa ba, mutuwa ce."

"Ɗayar dai da ɗan jinkiri. Shawarata kada ki taɓa. Ki dai lallaɓa ta haka nan."

Na matsa baya kaɗan, don na san abin da ya taka. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi a juye man. Ya ce ba a garejinsa ba, in ta mutu a kan ramin gyaransa gobe gari zai ɗauka shi ya kashe motar gurguwa. Kalmar kuɓuce masa ta yi, na ga ya so ya kamo ta.

"Faɗi abinka," in ji Yaya. "Sunan ƙafar ke nan. Motar dai tawa ce."

Tsoron dattijon ba na banza ba ne. Irin giyar motar an daɗe da daina kawo ta, wata motar kuma ta fi ƙarfin keken ɗinki a wannan zamani. Ranar da tsohuwar ta tsaya, ranar Yaya ta koma bakin titi, kuma kowa a dangi ya san haka.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, Shugaba ya kira zama. Muka zauna a ɗakin Yaya, tsakanin tarin yadi da labulen da ba a gama kalmashewa ba, shi a kujerar da ta fi kowace girma.

"Ke yanzu me ya yi zafi?" in ji shi. "Wanda ya san aikin ya ce a bari. Ki bar ta ta ƙarasa kwananta. In ta tsaya, ga motata ga direbana. Dama shekaru sun fara ja, tuƙin nan ya isa haka."

"Yaya Babba, ashe jira kake ta mutu."

"Ni ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Direban naka in na ce da safe sai rana ta take, ina zaɓen yadi yana kallon agogo, in zan sauka ya kama mini hannu kamar an kawo ni asibiti. Ni kuma kullum in tashi ban sani ba ko yau ce ranar da za ta tsaya. Gara in san matsayina. In mutuwa za ta yi, ta mutu ina ƙoƙarin gyara ta."

Shugaba ya juya wajen mijinta. "Malam, kai ba ka da baki ne?"

Malam ya gyara zama. Shi mutum ne da kafin ya gama auna magana an tashi daga zaman. A ƙarshe ya ce, "Ni dai da a bar ta ɗin. Tana kai mu, tana dawo da mu."

Duk maganganun Shugaba ba su taɓa Yaya ba, amma wannan ta shige ta. Ta dube shi, ta kau da kai, ta jawo wani labule ta fara warware ɗinkin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa bayanta na goya, ba don na san man giya ba. Na sha ganinta da safe ta saka giya ta zauna tana jira, hannu a sitiyari, kamar mai roƙon alfarma a ƙofar wani, kuma abin yana ƙona mini rai.

Ni na kawo shawarar wani babban gareji da ke da injin wanke giya, wanda ke tura sabon mai da ƙarfi ya koro tsohon gaba ɗaya. Da maganar ta kai kunnen Mai Giya, da kansa ya tako har shago. Ya ce in aka ɗora tsohuwar nan a injin, duk dattin da ya kwanta a lungu zai tashi ya toshe hanyoyin mai, ko gida ba za ta kai ba. In lallai sai ta yi, to a buɗe ƙasa a bar abin da zai zubo da kansa ya zubo, wanda bai kai rabi ba, a cika da sabo daidai abin da ya fita. A yi mako ana hawa a ga abin da hali ya yi. Tsohon man kuma kada a zubar, a adana shi a jarka mai tsabta.

"Hannuna dai ba zai taɓa ba," in ji shi.

"Wa ya roƙe ka? Rubuta mini irin man."

Ranar da za a yi, da hantsi, muka hau da tayoyin gaba kan katakai masu kauri a tsakar gidanta, muka tokare na baya da bulo. Shirin shi ne ni zan shiga ƙarƙashi. Na kwanta na tura kai da kafaɗa, sai tumbina ya ce iyakarsa ke nan. Ina ta mutsu-mutsu sai ga Yaya ta fito daga ɗaki cikin riga da wando da ta ɗinka wa kanta da ragowar labule, manyan furanni shuɗi da rawaya, ta ɗaure kai tamau.

"Auta, fito kada ka ɗaga mini mota da ciki."

Ta jingine sandar, ta kwanta a kwali, ta ja jiki da gwiwar hannu ta shige. Wanda ya shekara da shekaru yana dogara sanda, hannunsa ba na wasa ba ne. Daidai lokacin Mai Giya ya yi sallama, wai ya zo karɓar ɗinki. Ɗinkin yana shago, kuma ya san yana shago. Ya sami benci ya zauna, ya ba motar baya, ya fuskanci wata akuyar maƙwabta da ta leƙo ta ƙofa.

"Ni da akuyar nan nake," in ji shi. "Wanda zai kwance farantin ƙasan giya, ya fara cire notunan baya, na gaba ya sassauta su kawai, don man ya zubo ta gefe ɗaya."

"A gaya wa akuyar ta yi magana da ƙarfi," in ji Yaya daga ƙarƙashi.

Ina miƙa sifana, tana kwancewa. Noti ɗaya ya yi gardama, na ji tana nishi tana yi masa faɗa kamar yaron da ya ɓata mata yadi, sannan ya saki. Man ya ɓalle cikin kwano, wani ya bi hannunta har hammata, ƙaurinsa ya cika gidan. Da ta turo farantin waje muka ga wani ɗan maganaɗisu a cikinsa, garin ƙarfe ya lulluɓe shi ya yi masa gashi. Mai Giya ya manta da akuya ya juyo ya duba. Ya ce gari ne, ba gutsattsari ba, da sauran rai ke nan. Aka wanke farantin, ta sa sabuwar matatar mai da sabuwar robar bakin farantin, ya ce a ɗaure notunan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma kada a matse kamar ana fushi da su. Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki da bokitin ruwa da sabulu. Tun safe leɓɓansa ke motsi da addu'a.

Muka auna abin da ya fita, muka ɗura sabo daidai shi ta mazurari, ta bakin da sandar awo ke shiga. Yaya ta hau da kayan labulenta duk mai, ta tayar, ta taka birki, ta bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya tana ɗan tsayawa a kowace. Ta sa ribas, ya jinkirta, ya kama, ta sauka daga katakan ta fita. Da ta dawo daga zagayen unguwa na ga tana shafa sitiyarin. Zaburar nan ta safe ta ragu da fiye da rabi.

Bayan mako aka sake. Tafiyar gaba ta ƙara daɗi, hawan da ke sa injin kuka ta haye shi ba gardama. Ribas kuwa ya ƙara nawa. Mai Giya ya goge sandar awo a tsumma, man ya koma ruwan ƙasa. Ya ce a tsaya nan, an ci sa'a, kada a ƙure ta. Ni ma a nan na ce ta tsaya.

"Mai Giya, kai ka ce lafiyayye ja ne," in ji Yaya. "Wannan ja ne?"

"Bai kai ba, amma ya isa."

"Ka taɓa ganin na miƙa wa mutum riga da hannu ɗaya?"

Ta shiga karo na uku. Man ya fito ja garai-garai. Ranar na zauna a gefenta muka hau babban titi, motar tana canja giya ba ka ji, sai dai ka ga allurar gudu tana hawa. Yaya tana dariya, irin dariyar da rabona da ji tun muna yara. Muka dawo ta shigar da ita gida da hanci, kamar kullum. Washegari ta sa ribas, injin ya yi ƙugi, motar ba ta motsa ba. Ta jira, ta sake, ta kashe ta tayar. Ko girgiza ba ta yi ba.

Tsakar gidan Yaya doguwa ce siririya, ƙofa ɗaya, ba wurin juyawa. Da hanci ake shiga, da baya ake fita. Barin mota a waje kuma ba zancensa, titin ƙunci gare shi, kuma an sha wayar gari a unguwar a tarar da mota ba batir. Aka aiko mini na zo, na kira maƙwabta muka tura ta waje. Sun zo da zuciya ɗaya, suna ta cewa a taimaka wa baiwar Allah, wani har da bubbuga rufin motar yana mata sannu. Ina gaba ina turawa, fuskarta tana daidai tawa ta cikin gilashi. Da ma ban duba ba. Ta je shago ta dawo, ta shigar da motar, ba ta sake fita ba. Kwanaki tana ɗaki tana aiki da tsohon kekenta, masu ɗinki suna zuwa shago suna tarar da kwaɗo.

Shugaba ya zo, ya taho da Mai Giya. Bai ce ai na faɗa ba, amma yadda ya zauna ya faɗa. Mai Giya ya ce fayafayan ribas ne suka fi cinyewa, dattin ne kaɗai ke riƙe da su. Dabara ɗaya ta rage, a mayar da tsohon man da aka adana, wataƙila ya sake kamawa. Sai dai tafiyar gaba za ta koma yadda take da, da jiranta da zaburarta, har ranar da za ta tsaya. Na ɗauko jarkar na ajiye a tsakiyarmu. Yaya ta nuna ta da sandarta.

"Wato in mayar mata da dattin da na kwanta a ƙasa na fitar."

"Shi ne abin da ya rage," in ji Mai Giya.

"Auta, sa masa jarkar a mota. Su zuba inda suke zuba irinsa."

Shugaba ya yi salati. "Ke wai wace irin mutum ce? Mota ba ribas ai keken ɗinkinki ya fi ta."

"A gari ba ni da damuwa. In ajiye ta inda hancinta ke kallon hanya, in na wuce wuri in zagayo. Hanyoyin garin nan ba wadda ban sani ba."

"To nan gidan fa? Ta ina za ki fita? Ko kullum sai an tara miki unguwa?"

Idon Yaya ya kai ƙarshen tsakar gidan, inda hancin motar ke kallo. Ni ma na duba. Katangar baya ce, bayanta kuma wani lungu ne da mota ke iya bi. Sai dai katangar ta Malam ce. Shi ya gina ta da hannunsa a hutun makaranta, bulo bayan bulo, ya shafe ta da farar ƙasa, ya dasa wata shuka mai yaɗo da ta hau ta yi rumfa. A gidan nan kaf, yadi ya cinye ɗakuna, mota ta cinye tsakar gida, wannan 'yar inuwar ce kaɗai tasa. Nan yake zama da yamma yana duba littattafan ɗalibai. A lokacin ma yana can a bencinsa, jan biro a hannu, yana jin mu.

Yaya za ta iya da Shugaba, za ta iya da bakanike, za ta iya da gari duka. Amma ta dubi mutumin da bai taɓa neman komai a wurinta ba ta ce ya ba ta inuwarsa, wannan ba za ta iya ba. Ta sunkuyar da kai. Shugaba ya miƙe ya ce gobe da safe direba zai zo ya kai ta shago. Na tafi gida raina a ɓace, ina jin haushin Shugaba, da bakanike, da ita kanta da taurin kanta.

Da sassafe na dawo, don ba na son direban ya same ta ita kaɗai. Tun daga bakin titi na fara jin duka, dum, dum, a hankali, irin na wanda bai saba ba. Na shiga. Malam ne da singileti, ya aro guduma, an janye bencin gefe, an kwance shukar daga katangar an shimfiɗe ta a ƙasa. Ramin da ya fasa ya isa mutum ya wuce. Tafin hannunsa ya yi ƙuraje har wasu sun fashe, farar ƙasa ta rufe masa kai da gira. Yaya tana tsaye a ƙofar ɗaki ta dogara sanda da hannu biyu.

"Malam," in ji ta, muryarta ba irin tata ba, "inuwarka fa?"

Ya sauke gudumar yana haki. "Ɗauko tef ɗinki ki auna mini faɗin motar. Kada in fasa ya yi kaɗan."

Ta dogara sanda ta tako wajen motar. Sannan ta ciro tef daga wuyanta, ta auna motar daga madubi zuwa madubi, ta ƙara tafin hannu a kowane gefe, ta je ta zana a katangar da allin ɗinki. Na karɓi gudumar, don na ga ya gaji, kuma don ina bukatar abin da zan duka kada su ga idona. Muka fasa har kan zanen, muka kwashe ɓaraguzai, muka baje sauran da ƙafa. Muna cikin haka muka ji ham ɗin direban Shugaba a ƙofar gaba. Ba wanda ya waiwaya.

Yaya ta shiga, ta jefa sandar a kujerar gefe, ta tayar. Malam, wanda bai san birki daga totur ba, ya fita lungun ya tsaya yana yi mata alama da hannuwansa masu ciwo, taho, taho, ɗan yi dama. Ta sa giya, motar ta kama nan take. Ta taka ragowar bulon, madubanta suka wuce ba su taɓa ko'ina ba, ta karya kwana ta miƙe lungun ita kaɗai.

Direban yana ta danna ham. Na zagaya na buɗe ƙofar gaba, ya leƙo ta taga ya ce a gaya mata ta fito, yana da wani aiken.

Na ce masa ta fita.